Mun Ziyarci Gidan Kayan Tarihi Na Jos: Labarin Yumɓu, Itace Da Ƙwaro

Garin Jos yana bisa tudu ne, tsayinsa daga bakin teku wajen mita 1,200, watau ƙafa 4,000 a lissafin da. Saboda haka baƙon da ya hauro daga Lafiya ko Bauchi, abin da yakan fara nema shi ne rigar sanyi. Haƙar kuza ce ta tara mutane a garin, ita ce kuma sanadin gidan da za mu ba ku labarinsa a wannan wata. Gidan kayan tarihi yana tsakiyar gari, a gindin wani dutse mai itatuwa, maƙwabcinsa gidan namun daji. An buɗe shi a 1952, wani Baturen Ingila mai suna Bernard Fagg ne ya tsaya a kan aikin.

Mu malamai uku ne muka je tare da 'yan aji shida na makarantar ekklesiyarmu, sa'ad da hunturu ya soma busawa. Yara dai hankalinsu yana wajen namun daji. Muka ce za a je can, amma sai an gama da nan tukuna.

Abin da ya fi suna a gidan shi ne kawunan Nok. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba a kula da shi sosai ba. A 1943 aka sāke samun wani a wajen Jema'a, wanda ya ɗauke shi kuwa ya kai gonarsa ta doya ya yi mutum-mutumi da shi, kafin ya kai hannun Fagg. Masana sun auna shekarun irin waɗannan kawuna, sun tarar sun haura 2,000. Da dama daga cikinsu kuma suna ganin yadda aka yanka idanu da leɓe da kitso ya yi kama da aikin masassaƙi, watau mutanen Nok sun saba da sassaƙar itace tun kafin su juya ga yumɓu. To, ina sassaƙen nasu? Ba a sami ko ɗaya ba. Ruwa da gara da ƙwaro sun gama da shi tun tuni. Abin da muka sani game da mutanen nan, saura ne kawai da ƙwaro ya kāsa ci.

Daga nan muka wuce wurin tukwane, waɗanda Sylvia Leith-Ross ta bi ƙasar nan tana tattarawa tun tana tsohuwa. Akwai tulu da randa da tukunyar giya da kaskon suya, na kabilu iri iri. Su ma ba su da fargaba. In dai ba a fasa tukunya ba, za ta ga jikokin jikokinmu.

Damuwa tana wajen sauran kayan, su ne kuwa suka fi yawa a kowane irin gidan nan: fuskokin dodanni na itace, ganguna, ƙorai, kwanduna, kwari da baka, tufafi, kayan fata, da rubutattun littattafan Larabci na dā, gama Jos tana da tarinsu. Dukan waɗannan abinci ne. Mu muna ganin tarihi, ƙwaro yana ganin tuwo. Wanda ya sunkuya ya dubi tsohon sassaƙe, ko a Jos ne ko a Kaduna ko a Gidan Makama na Kano ko a Yamai, sau da yawa zai ga 'yan ramuka kamar an soka da allura. Galibinsu tsofaffi ne, an yi su tun abin yana rataye a ɗakin mai shi a ƙauye. Aikin mai tsaron kayan shi ne ya san tsohon rami da sabo, ya kuma san wanda ya huda.

Wani yaro ya tambaye mu, ya ce, "Malam, ta nan ƙwaron ya shiga?" Kusan kowa haka yake tsammani, amma ƙofar fita ce. Uwar takan saka ƙwai a cikin tsaga ko a cikin 'yan hanyoyin ruwa na itacen, ƙwai ƙanana da ido ba ya gani. Ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta yi ta ci a ciki wata da watanni ba wanda ya sani, sa'an nan ta kwanta ta rikiɗa, ta fito ƙwaro mai fiffike ta huda ta tafi neman aure. Ran da ka ga rami, ɓarna ta riga ta auku, mai yiwuwa kuma an bar sababbin ƙwai a baya. Tsutsa ce mai ci. Babban ƙwaro shaida ne kawai.

Ƙwarin da muke magana a kai su ne masu taurin baya, dangin buzuzu da ƙwaron wake. Ana gane su da murfin fiffike biyu masu tauri da suka haɗu a miƙe a tsakiyar baya. Ya kamata a bambanta su da gara da asu, gama maganin wannan ba shi ne na wancan ba. Gara takan gina hanyar ƙasa ta hau bango, ta cinye cikin itace ta cika shi da laka. Asu yakan bar zare kamar saƙar gizo a kan ulu. Ƙwaro kuwa rami yake bari zagayayye, da gari.

Garin nan shi ne wasiƙar da yake rubuto mana, sai dai a iya karatu. Mai cin itace da ya fi damun ƙasashe masu zafi, masana suna kiransa Lyctus. Siriri ne, ja-ja mai duhu, tsawonsa bai cika wuce milimita 5 ba, raminsa milimita 1 zuwa 2. Garinsa laushi gare shi kamar hoda, in ka murza a yatsa ba ka jin tsakuwa. Sitacin da ke cikin farin itace na kusa da ɓawo yake bi, shi ya sa ya fi son sabon sassaƙe da gora da katako mai laushi, ya ƙyale jan tsakiyar itace. Kowa ya taɓa ganin farin gari a ƙarƙashin sabon benci ko gadon gora ya san aikinsa. A Turai akwai wani ɗan'uwansa mai cin tsofaffin kujeru a ɗakuna masu laima, shi garinsa yana da tsakuwa-tsakuwa. Sabon rami bakinsa fari ne mai kaifi, garinsa ma fari. Tsoho ya yi duhu, ƙura ta shiga. In ana shakka, sai a goge abin, a ɗora shi bisa baƙar takarda, a bar shi mako biyu ko uku ba a taɓa ba. In gari ya taru, akwai mai rai a ciki.

Na biyu shi ne ƙwaron taba, Lasioderma, ɗan dunƙule ja kamar ƙwayar dāwa ƙarama, milimita 2 zuwa 3, kansa a sunkuye kamar mai jin kunya. Wannan ba shi da zaɓe. Yana cin ganyen taba, yana cin busasshen barkono da citta, yana cin ƙwarya da kwando, yana kuma bin manne na bayan littafi ya huda shafi ɗari a miƙe. A wuri mai ɗumi, daga ƙwai zuwa babba bai fi wata biyu ba. Ku lissafa da kanku zuriya nawa ke nan a shekara.

Na uku ɗan mitsitsi ne mai dabbare-dabbare, fari da baƙi da rawaya, sunansa Anthrenus. Babbansa furanni yake bi, ba ya cin kayan kowa, akan tsince shi a bakin taga yana neman haske. Tsutsarsa ce mai gashi, ita ce mai aske ulu da gashin tsuntsu da jelar doki. Takan tuɓe fatarta sau da yawa tana girma, ta bar ɓawon a wurin, shi ne alamar da aka fi samu. Gidajen da ke ajiye malam-buɗe-littafi da sauran ƙwari a kan allura suna tsoronta ƙwarai, gama takan bar allura tsaye da ɗan tarin ƙura a gindinta.

Na huɗu kuwa ba sai an shiga gidan tarihi ba. Da muka fita cin abinci da rana, muka bi da yara ta wurin masu sayar da busasshen kifi, muka sayi banda, muka roƙi mai kifin ya bar mu mu duba gindin wani tsohon kwali da ya zubar. Ga su nan: baƙin ƙwaro mai farin ciki, tsawonsa kusan santimita 1, da tsutsotsi baƙaƙe masu gashi suna gudun haske. Dermestes ke nan. Masu banda daga Baga har kudu sun san shi, majema da masu ƙirgi ma sun san shi. Shi ɗin ne dai yake cin fatar ganga da garkuwa da kube. Yana da wata mugun hali kuma: in tsutsar ta ƙoshi, takan huda itacen da ke kusa ta kwanta a ciki, saboda haka ganga takan yi hasarar fata da jiki gaba ɗaya. Abin dariya, gidan tarihin halittu na Landan yana kiwon irin wannan ƙwaro da gangan, a ɗaki na musamman, domin ya share nama daga ƙasusuwan dabbobin da za a ajiye. Ba wuƙar da ta kai shi iya aiki. Amma ana tsaronsa kamar fursuna.

Bayan azahar muka koma, muka zaga filin gine-ginen gargajiya da ke bayan gidan, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina. Wani masanin gini daga ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya tsara filin. A ƙarƙashin bakan gizon soron nan muka zauna muka huta, muna duban azara. Magina na dā ba su yi karatun ƙwari ba, amma sun zaɓi giginya domin sun ga gara ba ta cika damunta ba. A nan muka ɗauko wa yara zancen magani.

Shekaru da yawa maganin da gidajen tarihi na duniya suka sani shi ne guba. Tun ƙarni na 18 ake shafa wa fatun tsuntsaye da na dabbobi sabulu mai gubar asenik. An yi amfani da gishirin zaiba a kan busassun ganyaye, aka zo aka yi DDT, aka yi turaren gas mai suna metil buromaid. Ƙwaro ya mutu, gaskiya ne, amma guba ta zauna. Asenik ba ya ruɓewa, yana nan a jikin kayan har yau, sai da safar hannu ake taɓa su. A Amurka, bayan dokar 1990 da ta umarci gidajen tarihi su mayar wa kabilun asali kayan ibadarsu, mutanen Hopi sun karɓi waɗansu nasu, aka auna aka tarar da guba a jiki, kayan da ake sawa a fuska. An mayar musu da abinsu, ba kuma damar su yi amfani da shi. Gas ɗin nan kuwa an gane yana cin rufin sama da ke tare mana zafin rana, aka yi yarjejeniya a bar shi, wa'adin ƙasashe irin namu ya cika a 2015. Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. A 2015 ɗin nan Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Waken da Bature ya ƙi, wa ya ci?

Yanzu hanya ta sāke, mu kuwa a ganinmu ta fi hankali. Farkonta tsintsiya ce. Ƙwaro ba daga sama yake faɗowa ba, yana da mafari: sheƙar tantabara a cikin rufi, mataccen ɓera a bayan kabad, kashin jemage, gutsuren biskit da wani ya ci a ɗakin ajiya, ƙurar gashi a lungu. In aka kau da waɗannan, an rage rabin yaƙi. Ana sa raga a taga, a toshe ƙarƙashin ƙofa, a ɗaga kaya daga ƙasa, a janye su daga bango. Sabon abu da aka kawo ba a haɗa shi da tsofaffi nan da nan, sai ya yi makonni a ɗaki dabam ana dubansa, kamar yadda makiyayi ba ya sakin sabuwar saniya cikin garke ran da ya sayo. Sa'an nan akwai tarkon danƙo, ɗan kwali mai manne a ciki, ana ajiye shi a gindin bango. Ba domin ya ƙare ƙwari ba ne, domin ya ba da labari ne. Lokaci lokaci a ɗauko a ƙirga, a rubuta a littafi: wane iri, guda nawa, a wane ɗaki, a wane wata. Bayan shekara littafin zai nuna inda gidan ƙwaron yake. Na ƙwaron taba har akan sa masa ƙanshin mace, maza su yi ta zuwa suna mannewa. Aiki ne marar daɗin faɗa, ba mai ɗaukar hotonka kana ƙirga matattun ƙwari. Jos ta daɗe da sanin darajar irin waɗannan ma'aikata: a 1963 aka buɗe makarantar koyar da su a nan da taimakon UNESCO, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Afirka masu Turanci da masu Faransanci.

In kuwa an tabbata akwai mai rai a cikin abu, hanya uku ce ba tare da guba ba. Ta ɗaya sanyi. A naɗe abin, a sa a leda a ɗaure sosai, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako ɗaya ko fiye. In injin yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifiri, kwana 3 ya isa. Da an fitar ba a kwance ledar sai bayan kwana ɗaya, domin raɓa ta sauka a bayan leda, kada ta jiƙa abin. Sharaɗi shi ne sanyin ya kama da sauri, kada kuma ya yanke. Inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, ƙwaro yakan yi suma kawai ya farfaɗo.

Ta biyu zafi. In tsakiyar abin ya kai digiri 55 ya daɗe 'yan sa'o'i, ƙwai da tsutsa da babba duk sun mutu. Wannan ba ma bukatar lantarki, Allah ya ba mu rana. A arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980, masu binciken aikin gona suka nuna wa manoma su shimfiɗa baƙar leda bisa busasshiyar ciyawa, su baza wake, su rufe da farar leda mai gani-har-hanji, su bar shi a ranar tsaka. Masu gyaran kayan tarihi a Kanada sun gwada dabara mai kama da wannan, ta baƙar jaka a cikin fara, domin gidajen da ba su da kuɗin inji.

Ta uku ita ce hana numfashi, mata masu ajiye wake za su gane ta nan take. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗawa a ƙasashenmu a 2007, ba magani a cikinsa. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu, a ɗaure kowace dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Gidajen tarihi haka suke yi, sai dai da bambanci guda da ya kamata a lura. Buhun wake cike yake, ƙwari da yawa, iska kaɗan. Sassaƙe ɗaya mai tsutsa goma ba zai taɓa shanye iskar jakarsa ba. Saboda haka sukan sa 'yan ƙunshin garin ƙarfe masu tsotse iskar numfashi, ko su hura iskar naitirojin ta kore ta, daga kashi 21 cikin 100 har ta koma ƙasa da rabin kashi ɗaya, a bar shi mako uku. Wannan hanya ita ce ta fi sauƙi ga abu mai rauni.

Ya ku iyaye da dattawan ekklesiya, ba gwamnati kaɗai ke da kayan tarihi ba. A ɗakin ajiya na majami'u da yawa akwai littafin baftisma na farko, da sunayen kakanninmu da hannun wanda ya rubuta su. Akwai tsofaffin littattafan waƙoƙi, da ganguna da kacau-kacau na zumuntar mata, da hotunan ranar buɗe majami'a. A gida akwai ƙoran auren kaka da kwarin kakan da ya yi farauta. Ba wanda yake da kofen waɗannan. Kafur da muke jefawa cikin akwati warinsa yana iya korar baƙon ƙwaro, amma ba ya kashe tsutsar da ta riga ta shige cikin itace, yara kuma sukan ɗauka alewa ce. Fesa maganin sauro a kan takarda tabo yake bari. Ƙwayar gas da ake sa wa hatsi kuwa, kada a shigar da ita ɗakin da mutane ke kwana ko taruwa, ta kashe mutane.

Abin da za a yi shi ne a fito da kayan sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a shimfiɗa farin zane a inuwa, a kaɗe kowane abu a hankali a bisansa, a duba abin da ya zubo. A share kabad ɗin har lungu, a leƙa rufi ko akwai sheƙa. Littafin da aka ga sabon gari a cikinsa a ware shi a leda, in akwai firizar da wutarta ba ta yankewa a kai shi can. Hotuna ba a sa su a rana. Ganga mai ɗaurarriyar fata, da abu mai fenti, da wanda aka haɗa itace da ƙarfe ko hauren giwa, kada a gwada musu sanyi ko zafi a gida, gama kowane sashe yana motsi dabam, sai a ji fata ta tsage. Irin waɗannan a goge su da burushi mai laushi, a ɗaure a leda dabam da sauran, a rubuta ranar a jiki, a nemi shawarar ma'aikatan gidan kayan tarihi mafi kusa. Littafin baftisma kuwa, tun kafin a ga rami, a sa wani matashi mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye hotunan a wuri biyu.